GUBAR DA KE KWANCIYA A ƘASA: KWAL, BAƘIN MAI DA GONAKIN BAKALORI



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wata irin ƙazanta wadda ido bai cika kamawa ba. Hayaƙi in ya tashi kowa yana ganinsa, ruwa in ya gurɓace hanci da baki suna ba da shaida. Ƙasa kuwa tana iya shan guba ta yi shiru shekara da shekaru, ana shuka a kanta, yara suna rarrafe a kanta, ba wanda ya sani sai ranar da cuta ta bayyana. Gubar da ake nufi a nan ita ce ta dangin sinadaran da masana ke kira haidirokabon, waɗanda ke fitowa daga kwal da man fetur.

Mai tambaya zai iya cewa, ina ruwan mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun da zancen kwal, alhali ƙasarsu ba ƙasar haƙar kwal ba ce? Amsa ita ce, sinadaran da suka lalata ƙasa a garuruwan kwal na duniya su ne dai ke cikin baƙin man da ake zubarwa kullum a garejojin bakin titi da gindin injunan ban-ruwa. Sa'an nan kuma maƙwabtansu na Anka da Bukkuyum sun riga sun nuna wa duniya, a shekarar 2010, yadda gubar da ke kwance a ƙasa take bi ta tsakar gida ta ɗauki rayukan yara. Saboda haka za a fara da bayanin sinadaran, a duba abin da suka yi a wuraren kwal, kana a dawo gida.

Mene ne haidirokabon?

Kwal da ɗanyen mai asalinsu kusan ɗaya ne. Ragowar tsirrai da ƙananan halittu ne da ƙasa ta binne tun miliyoyin shekaru, zafi da nauyi suka dafa su. Ginshiƙin abin da ke cikinsu sinadarai biyu ne, watau kabon da haidirojin, kuma daga haɗa sunayen nan biyu aka sami kalmar haidirokabon.

Dangi ne babba, amma za a iya kasa shi gida biyu. Akwai masu sauƙi, waɗanda ke tashi su bi iska da sauri, su ne hanci ke shaƙa a gidan mai. Daga cikinsu akwai wanda ake kira benzin. Akwai kuma masu nauyi, waɗanda ƙwayoyinsu suke kamar zobba da aka sarƙafa da juna, daga biyu zuwa shida ko fiye. Ƙaramin cikinsu mai zobba biyu shi ne naftalin, wanda ake yin farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwatin tufafi da shi. Wanda ya fi suna wajen cuta shi ne mai zobba biyar, benzofairin. Masu zobban nan suna samuwa duk inda aka ƙona kwal, ko mai, ko taya, ko itace, wutar ba ta cinye abin sarai ba. Suna cikin kunkunniyar da ke maƙalewa a rufin ɗakin girki, suna cikin baƙin hayaƙin babbar mota, suna kuma taruwa cikin man inji gwargwadon daɗewarsa yana aiki.

Harshen Hausa ma ya ajiye tarihin wannan abu. Kalmar kwalta aro ce daga Turanci, ma'anarta ta asali kuwa ita ce baƙin ruwan nan mai kauri da ke tsatsowa daga kwal in an dafa shi cikin tanderu. Kwaltar da ake shimfiɗawa a titi a yau yawanci daga ɗanyen mai ake samunta, amma sunan ya zauna. Kwaltar kwal ta ainihi tana cikin abubuwan da suka fi kowane ɗauke da sinadarai masu zobba.

Yadda aka gano cutarsa

A shekarar 1775 wani likitan fiɗa a birnin Landan, Percivall Pott, ya lura da cewa masu sharar bututun hayaƙin gidaje, waɗanda ake tura su cikin bututu tun suna yara ƙanana, sukan kamu da sankarar fatar maraina in sun girma. Ya danganta ciwon da kunkunniyar kwal da ke shiga lungunan fata. Wannan yana cikin karo na farko da aka danganta ciwon daji da sana'ar mutum. A 1915 masana biyu a ƙasar Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka riƙa shafa kwaltar kwal a kunnuwan zomaye wata da watanni har sankara ta fito. A 1933 masana a Landan suka tace kimanin tan biyu na daskararriyar kwalta, suka fitar da sinadarin benzofairin, suka nuna lalle yana haddasa ciwon. A yau cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa benzofairin da benzin da kwaltar kwal cikin rukuni na ɗaya, watau abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. A 2012 ta ƙara da hayaƙin injin dizal.

Yadda cutar ke aukuwa yana da ban mamaki. In benzofairin ya shiga jiki, hanta tana ƙoƙarin sarrafa shi don ya narke a ruwa ya fita da fitsari. A cikin wannan ƙoƙari ne wani ɓangare nasa ke rikiɗa ya zama abu mai manne wa ƙwayoyin gado na jikin mutum, ya ɓata umarnin da ke hana tsoka yin girma ba bisa ƙa'ida ba. Ba rana ɗaya abin ke bayyana ba, yakan ɗauki shekara goma, ashirin ko fiye. Benzin shi kuma ɓargo yake taɓawa, inda ake yin jini, ya jawo ƙarancin jini da sankarar jini.

Ɗan tayi ma bai tsira ba. A garin Tongliang na ƙasar Sin akwai tashar lantarki mai ƙona kwal wadda aka rufe a 2004. Masana sun gwada jinin cibiyar jariran da aka haifa a 2002, da na waɗanda aka haifa a 2005. Na bayan rufe tashar sun fito da ƙarancin alamar sinadaran nan a jininsu, kuma sun fi na farko kyawun sakamako a gwajin girma da motsin jiki.

Abin da ke faruwa a ƙasa

Duk inda ake aikin kwal, guba tana sauka ƙasa ta hanyoyi sanannu: ƙurar kwal daga rami da wurin tarawa da manyan motoci, tokar da ake jibgewa, kwaltar da ke zuba daga tanderu, da hayaƙin da ke tashi ya sake saukowa kan gonaki. In ta sauka, masu sauƙi irin benzin sukan bi iska, ko su tsiyaya ƙasa har su tarar da ruwan rijiya. Masu nauyi ba su narkewa a ruwa sosai, sai su manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye a saman ƙasa su zauna shekaru, har ranar da iskar hunturu ta kwashe su cikin ƙura, ko ruwan damina ya wanke su zuwa fadama.

A garin Sydney na gabashin Kanada an yi kusan shekara ɗari ana dafa kwal don masana'antar ƙarfe, sai a 1988 aka kashe tanderun. Abin da aka bari shi ne tafki mai ɗauke da kimanin tan 700,000 na gurɓataccen taɓo a tsakiyar gari. A 2004 gwamnati ta ware dalar Kanada miliyan 400 don gyara, aikin bai ƙare ba sai 2013, kuma ba kwashe gubar aka yi ba, cakuɗa ta aka yi da siminti aka binne a inda take.

A Nijeriya an gano kwal a yankin Udi a 1909, aka fara haƙa sosai a 1916, garin Inugu ya tashi a kansa. Ramukan sun daɗe da daina aiki irin na da, amma ruwa mai tsami da ke fitowa daga tsofaffin ramuka yana gangarawa kogin Ekulu. A Arewa ana haƙar kwal a Maiganga ta Jihar Gombe tun 2007 don masana'antar siminti ta Ashaka, sai da aka tashi mutanen ƙauyen aka sake musu matsuguni. A Jamhuriyar Nijar kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a arewacin Agadas yana ƙona shi don lantarki. Ke nan kwal ba baƙo ba ne a ƙasashen da ake jin Hausa.

Misalin da ya fi girma a ƙasar nan kuwa na mai ne. A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni. A unguwar Nisisioken Ogale ta sami benzin a ruwan rijiyoyin da mutane ke sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ƙiyasta gyaran ƙasar zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Arzikin waɗannan ƙananan hukumomi uku yana rataye ne a kan madatsar ruwa ta Bakalori da ke kan kogin Sakkwato. An kammala ginin madatsar a 1978. Tafkinta yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na murabba'in sukari, watau awon faɗi da tsawo da zurfi, kuma an tsara shi ya shayar da kadada 23,000. Ƙasar nan ba a banza aka same ta ba. Tafkin ya ci gidaje da gonakin mutane fiye da 13,000, kuma a watan Afrilu na 1980, sa'ad da manoma suka tsare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda sun buɗe wuta a Birnin Tudu, an rasa rayuka. Gonakin da aka biya wa irin wannan farashi su ne a yau ke ba da shinkafa da alkama da dankali da tumatir da albasa, rani da damina.

To, ina haidirokabon yake shigowa? Babban titin da ya haɗa Gusau da Sakkwato ya ratsa Talata Mafara, kuma duk inda mota ke tsayawa akwai gareji. Bakanike in ya juye man inji, sau da yawa ƙasa ce mazubi, har wurin ya yi baƙi ya daskare, ciyawa ba ta fitowa. A fadama, mai injin ban-ruwa yakan juye mai a bakin rijiya ko a gefen magudanar ruwa, ya wanke hannu da galan a ruwan da zai shiga kuyya. Ana zuba baƙin mai a masai don kashe wari da sauro, ana shafa shi a azara da katako saboda gara, ana shafa wa dabba a gyambo ko wurin kaska, ana yayyafa shi a ƙofar shago don kwantar da ƙura. A wasu mahautan ana babbake kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya, tokar ta zauna a wurin, ruwan sama ya tafi da ita. Injunan niƙan dutsen zinariya da janareto su ma mai suke sha, mai suke zubarwa. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma kullum ake yi, a wurare ɗaruruwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man da aka juye daga mota ɗaya sau ɗaya zai iya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya.

Illar da manomi zai fara gani ita ce ta gona. Mai yana lulluɓe ƙwayoyin ƙasa, ya hana iska da ruwa shiga, iri ya ƙi tsira, tana da sauran ƙananan halittun da ke raya ƙasa su mutu. Tsiro ba ya jan masu nauyin nan da yawa ta saiwa, amma suna manne wa bawon dankali da karas da albasa, suna sauka a kan ganyen latas da alayyafo cikin ƙura. A fadama ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, ƙasar kuma a wurare da dama rairayi ce mai saurin tsiyaya, don haka tazarar da ke tsakanin man da aka zubar da ruwan da za a sha gajeriya ce ƙwarai. Abin da ya gangara tafki kuwa yana kwanciya cikin taɓon ƙasan ruwa, inda tarwaɗa ke kiwo.

Darasin dalma

Anka da Bukkuyum suna mazaɓar majalisar dattawa ɗaya da Mafara da Bakura da Maradun, watau Zamfara ta Yamma. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, bayan amai da suma da taune-taune. Da aka bincika, sai aka tarar duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa da niƙawa suna ɗauke da dalma mai yawa. Wani bincike a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin ga tsakar gida 400 ne. Yaran da suka mutu sun wuce 400.

Dalma ba haidirokabon ba ce, ƙarfe ce. Amma hanyar da ta bi ita ce dai hanyar da kowace gubar ƙasa ke bi. Yaro yana wasa a ƙasa, yana kai hannu baki, yana cin abincin da ƙura ta sauka a kai, kuma jikinsa ƙarami ne, abin da babba zai jure shi ba zai jure ba. Sa'an nan an ga cewa magani shi kaɗai bai isa ba, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma tsakar gidan nan zai sake kamuwa. Dole sai da aka bi gida gida ana kankare fuskar ƙasa, ana kai ta rami ana binnewa, ana shimfiɗa sabuwa. An yi ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega sai da ta jira har 2013 kafin kuɗi su fito. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024, ke nan aikin ma'adinai da injunansa za su ci gaba da zama cikin rayuwar jihar.

Akwai bambanci guda biyu da ya kamata a riƙe. Dalma tana kisa da sauri har duniya ta ji, haidirokabon kuwa a hankali yake cin mutum, in ciwo ya fito bayan shekara ashirin ba mai tuna garejin da ke bayan gida. Amma kuma dalma ba ta ruɓewa har abada, shi kuwa mai akwai ƙwayoyin halitta a ƙasa da ke cin sa. In ɓarnar ba ta yi yawa ba, ana iya kaftu a juya ƙasar, a zuba takin dabbobi, a riƙa yayyafa ruwa, zafin ƙasar nan ya taimaka, cikin watanni masu sauƙin su ragu ƙwarai. Masu zobba biyar da shida su ne ke daɗewa.

Abin da ya kamata a yi

Doka ba ita ce aka rasa ba. Bayan da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. An kafa NOSDRA a 2006 don malalar mai, NESREA a 2007 don tabbatar da bin ƙa'idoji. Abin da ya rage shi ne aiki, kuma yawancinsa yana hannun irin mutanen da ke zaune a wannan zaure.

Na farko, a auna ƙasa tun tana da lafiya. Wanda bai san yadda gona take ba kafin masana'anta ta zo, ba shi da hujja a gaban alƙali ranar da ta lalace. Ɗaliban kimiyya da na aikin gona a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna iya mayar da wannan aikin bincikensu na ƙarshe: a ɗebi ƙasa da ruwa daga bakin magudanai da rijiyoyin fadama da garejoji, a rubuta wuri da rana, a adana sakamakon inda hukuma za ta same shi.

Na biyu, ƙananan hukumomi su kafa sharaɗi kafin ba da filin gareji ko wurin wankin mota ko gidan mai: daɓen siminti, durom na tara baƙin mai, da nisa daga rijiya da magudanar ban-ruwa. Baƙin mai haja ce da ake saye a sake tacewa, in an shirya tarawa tare da ƙungiyoyin bakanikai ba wanda zai zubar da kuɗinsa a ƙasa.

Na uku, duba-gari da malaman gona da ma'aikatan asibiti su kai maganar ga jama'a da harshen da suke ji. Kada a juye mai a bakin ruwa, kada a zuba shi a masai, kada a shafa wa dabba, kada a babbake nama da taya. A wanke kayan lambu, a fere dankali, a wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci, kada a bar shi wasa a ƙasar gareji. Yaran da ke koyon kanikanci su daina wanke hannu da fetur, kuma kayan aiki su kwana a wurin aiki.

Na huɗu, duk ranar da wani ya zo da takardar kafa masana'anta mai ƙona kwal ko baƙin mai a wannan yanki, jami'in da fayil ya zo teburinsa ya tambaya: ina za a tara kwal, ina za a zuba toka, ina iska ke kaɗawa da hunturu, ina ruwan wurin ke gangarawa, kuma nawa aka ajiye don gyara in an tashi? In ba amsa a rubuce, kada ya sa hannu.

Kammalawa

Durom na tara mai da buhunan siminti kaɗan ba su kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba, balle kuɗin kankare ƙasar ƙauye. Mutanen Sydney da na Ogoni da na Bagega duk sun biya wannan bashi bayan ya yi ruwa. Gonakin Bakalori har yanzu suna ciyar da masu su, kuma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kiyaye ƙasa da 'ya'yanta, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.